Wayoyi Biyu na Katin Siddik

Wani dillalin riɗi daga kasuwar amfanin gona ya taɓa shigowa shagona ɗauke da kwamfutar ɗansa a kafaɗa kamar buhu. Ya dire ta a kan teburi ya ce, "Usta Isiyaku, abin nan warin ƙonanniyar roba yake yi, kuma yaron ya rantse bai taɓa komai ba." Na kwance murfin gefe na leƙa. Katin hoto ne a ciki, wanda a nan Gadarif muke ce wa kart shasha, babba mai fanka biyu, sabo fil. Akwatin da ke ba shi wuta kuwa, wato bawar, irin na kwamfutar ofis ne, mara nauyi, ko kan wayar da katin yake buƙata ba shi da shi. Sai wani mai dabara ya samo 'yar wayar haɗi, ya ɗebo wuta daga layin da aka yi don faifan ajiya, ya kai wa katin. Siririyar waya ce, an yi ta don ƙaramin kaya. Robar kanta ta narke ta manne a bakin katin. Na yini ina kankare ta da reza, a hankali, don kada in taɓa ƙarfen da ke ciki. Katin ya tsira. Dillalin ya sayi bawar na kirki yana ta mita, don a ganinsa akwatin da ba ya nuna hoto bai cancanci a kashe masa ko sisi ba.

Na fara da wannan ne saboda ku, samarin da kuke taruwa a rumfar shagona bayan la'asar. Ina jin ku kuna cewa aikin nan ba komai ba ne, kan waya mai ido takwas ya shiga rami mai ido takwas, sauran kuma a waya ake kallo. Ban hana ku kallo ba, ni ma ina kallo. Amma mutumin da kuke kallo yana zaune a ƙasar da idan ya ƙona kati zai sayi wani kafin magariba. Ku a Gadarif kuke.

Ubana lebura ne a gonakin Simsim. Idan riɗi ya nuna, motar masu gona takan zo ta kwashi mutane, shi ma ya hau da laujensa, ba mu sake ganinsa sai an gama yanka da kakkaɓa. Na bi shi da na tasa, sai ƙirjina ya ƙi ƙurar gona, tari ya sa ni gaba. Shi ya sa ya kai ni wurin Usta Babikir, mai gyaran rediyo a bayan tashar mota, ya ce masa, "Ga shi nan. Ba shi da ƙarfin gona, ka duba ko yana da na zama."

Usta Babikir bai bar ni na taɓa kawiya ba, wato ƙarfen narka dalma, sai da na gaji da jira. Aikina na farko buhun tsofaffin wayoyi ne. Ya zazzage shi a ƙasa ya ce in ware su bisa kauri. Da na gama da ido, ya ce in rufe ido in sake da yatsu. Na ɗauka wulaƙanci ne. Daga baya na gane yana so hannuna ya san nauyin da kowace waya za ta iya ɗauka tun kafin kaina ya fara lissafi. Bayan wannan ya miƙo mini afomita, na'urar awon wuta, irin ta da mai allura. Duk abin da aka kawo, ko da batirin tocila ne, sai ya ce da Larabci, "Gis awwal," wato auna tukuna. Idan ya ga hannuna ya nufi soket ban auna ba, ba ya faɗa, sai dai ya zare filogin ya sa a aljihun jallabiyarsa ya ci gaba da shan kofinsa. Daga rediyo muka koma talabijin, daga nan bidiyo da risibar tauraron ɗan'adam. Allah ya yi masa rasuwa kafin kwamfuta ta cika gari. Ni na shige ta ne lokacin da aka fara buɗe shagunan intanet, kuma na tarar wutar da ke cikinta ba ta bambanta da ta rediyo ba, sai dai ta fi saurin fushi.

Kayan aikina ba su da yawa, kuna ganinsu kullum. Afomita, kawiya, sukudireba, tsohon burushin haƙori, da famfon hura iska, don ƙaiƙayin dawa da ƙurar kasuwa suna shiga fanka su daskare kamar auduga. Akwai 'yar lanƙwasasshiyar waya da nake tayar da bawar da ita shi kaɗai, ba tare da an haɗa shi da komai ba: in haɗa koriyar waya da baƙa a babban kai da ita, fanka ta juya, sannan in auna. Akwai allurai biyu da na daddake bakinsu suka yi faɗi, da su nake zare ƙarfen waya daga cikin robarsa. Sai laita. Ba na shan taba. Waya nake gwadawa da ita. Idan na feɗe waya na kara mata wuta, jan ƙarfe na gaske yakan yi ja ya tsaya a yadda yake. Wadda aka yi da alminiyam aka shafa mata launi kuwa, nan take take lanƙwashewa ta zube.

Ga abin da nake so ku riƙe game da katin hoto. Ƙarami, ramin da aka dasa shi a jikin borda, wato babban farantin da ake dasa komai a kai, ya ishe shi, daga nan yake shan wutarsa. Babba kuwa sai an kawo masa ƙari kai tsaye daga bawar, ta kai mai ido shida ko mai ido takwas, wani ma biyu yake so. Rawayar waya ita ke kawo bolt goma sha biyu, baƙa ita ke mayarwa. To a cikin kwamfutar akwai wani kan mai ido takwas da aka yi don furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Idan ka riƙe su a hannu kamar tagwaye suke. Amma a na kati, rawaya suna layin da ke nesa da maƙalli, a na furosesa kuwa suna layin maƙallin. An yanka bakinsu yadda ba za su shiga ramin juna ba, sai dai robar arha takan ba da kai idan mai ƙarfi ya danna. Na ga waɗanda suka danna.

Wanda ya fi cin mutane shi ne bawar na zamani da ake cire wa wayoyi. Ɓangaren wayar da ke shiga kati iri ɗaya ne a ko'ina. Ɓangaren da ke shiga bawar kuwa kowane kamfani da tsarinsa, wani ma yakan canza tsari daga wannan samfuri zuwa wancan. Wayar wani bawar za ta shiga wani lafiya lau, maƙalli ya ce ƙas. Yanzu kuma duk wayoyin baƙaƙe ake yi don ado, babu rawaya balle ido ya taimake ka. Ka kunna, wuta ta shiga ta inda ya kamata ta fita.

Kafin yaƙi duk kayanmu daga Khartum suke zuwa. Ka buga waya da safe, a ba direban bas, washegari ka karɓa a tasha. Da yaƙi ya tashi wannan hanya ta mutu. Mutane suka fara zuwa daga Khartum, a ƙarshen shekarar kuma na Madani da ƙauyukan Jazira suka biyo. Makarantu suka cika da iyalai, a kowane aji gidaje da yawa, an raba da zannuwa. An kawo mini kwamfutoci a naɗe cikin bargo, wata ma a cikin tukunya, amma yawancin masu su sayarwa suke so, ba gyara ba, kuma babu mai saye. Wutar gari ta koma zuwa yadda ta ga dama. Na koma gyaran tocila da caja da fanka, har rediyo ta dawo teburina, don tsofaffi suna son jin labari. Tarin matattun bawar da ke bayan shago, waɗanda da nake ba masu gwangwan, su suka zama kantina. Babu wanda na jefar a shekarar nan sai da na cire masa duk abin da zai ciru.

A cikin zafin da ke zuwa gabanin damina, lokacin da makanikai ke ta kwance taraktoci don shirin shuka, wata mata ta shigo da hantsi, wani dogon saurayi yana biye da ita rungume da kwali. Ta yi sallama ta ce, "Kai ne Usta Isiyaku? An ce mini kana jin Hausa."

Na ce, "Ita na sha a nono. Bismillah, ku zauna."

Ta ce sunanta Amna, malamar makaranta ce a Madani kafin abin nan ya faru. Saurayin ƙanenta ne, Siddik. "Ba ya ji," in ji ta. "Sanƙarau ya tafi da kunnensa tun yana ƙarami. Amma idan ka dube shi kana magana yana karanta bakinka, kuma yana rubutu."

Siddik zanen gidaje yake yi a kwamfuta. Wani ofishin gine-gine a ƙasar waje yana aiko masa da taswirar gida, shi kuma ya mayar da ita hoto, da ɗakuna da fitilu da labule, har mai gidan ya ga gidansa tun ba a aza tubali ba. Tun da albashin Amna ya tsaya, wannan aikin ne ke ciyar da su da mahaifiyarsu. Ranar da suka bar Madani ba su iya ɗaukar kwamfutar gaba ɗaya ba. Siddik ya kwance ta, ya naɗe borda da katin da faifan ajiya a cikin mayafin mahaifiyarsu, ya kwashi wayoyin da hannunsa ya kai, ya bar bawar saboda nauyinsa. A nan Gadarif Amna ta yi ta yawo a kasuwa har ta samo wani bawar na hannu, mai kyau, da akwatin da za a haɗa komai a ciki. Babbar wayar borda da ta furosesa a jikinsa suke. Wayoyin kati ne ake cirewa, kuma ba su zo da shi ba.

Amna ta ce, "Wayarsa ta gida tana shiga bawar ɗin daidai, na gani da idona. Wurare biyu muka je, duk suka ce a jona kawai. Shi kuma ya ƙi, ya rungume katin ya hana kowa taɓawa. Mutanen ofishin can sun ba shi zuwa ƙarshen wata, in bai aika aikin ba za su ba wani. Mama tana kwance a ajin makaranta, ga damina tafe, rufin yana yoyo. Baba Usta, don Allah ka yi masa magana, kai babba ne, zai ji taka."

Siddik yana kallon bakinta tana magana. Ya ciro wayarsa ta hannu ya yi rubutu da Larabci ya juyo mini ita. Cewa ya yi wayar ba ta wannan bawar ba ce, a auna.

Na ce, "Ustaza, ko ta dace ko ba ta dace ba, ni ma ban sani ba tukuna. Amma abin da ya nema ba shi da wuya. Bari mu gani."

An yi sa'a akwai wuta. Na ɗora bawar shi kaɗai a kan teburi, na sa masa wayar Siddik, ɗaya kan na bar shi a sake. Na tayar da shi da lanƙwasasshiyar wayata, fankarsa ta juya. Na bi idanun kan da zai shiga kati ɗaya bayan ɗaya da tsinken afomita, Siddik ya sunkuyo kafaɗarsa tana taɓa tawa. A layin maƙalli, inda bai kamata a ga komai ba, ido biyu suka nuna goma sha biyu. A ɗaya layin kuma, inda ya kamata wuta ta kasance, biyu suka yi shiru. Siddik ya miƙe tsaye ya dubi yayarsa.

Amna ta koma ta zauna a kan benci. Ta ce, "Da sun jona fa?"

Na ce, "Wataƙila bawar ya kashe kansa ya tsare katin. Wataƙila katin ya tafi. Babu mai iya yi miki alkawarin wanne. Kuma irin katin nan, yau ko za ki zagaye Gadarif har Kasala ba za ki sami wani ba."

Gyaran wannan wayar bai ba ni wahala ba. Mai kyau ce, mai kauri. Da allurai na zare ƙarafunan ɓangaren bawar, na auna kowane rami a jikin bawar don in san abin da yake fitarwa, na mayar da kowace waya inda ya dace da ita. Matsalar ta fito ne da Siddik ya kwance mayafin. Katin baki biyu gare shi, kowanne ido takwas, kuma waya ɗaya ce ta iso Gadarif. 'Yar'uwarta ta faɗi a wani wuri tsakanin Madani da nan. A jikin wadda ta iso akwai wani kan na biyu da ya yi reshe, Amna ta nuna shi ta ce, "To ga wannan, ba shi ne amfaninsa ba?"

Na ce mata don haka aka yi shi, kuma da ƙaramin kati ne, ko na yaron da zai yi wasa ya tashi, da na sa. Amma wannan kati idan ya fara haɗa hoto yakan daɗe yana jan wuta iya ƙarfinsa, ga zafin garinmu, ga shi duk nauyin zai bi ta waya ɗaya da baki ɗaya a jikin bawar. Na dubi Siddik ina faɗa. Ya ɗaga yatsu biyu. Muka tsaya a kan za a ƙera ta biyu.

Na sayo waya a kasuwa, na feɗe, na kara mata laita, ta lanƙwashe. Na koma wani shagon, ita ma haka. Ba laifin masu shagon ba ne, abin da ya iya shigowa gari ke nan a lokacin. Sai na hau raksha, wato babur mai ƙafa uku, na nufi unguwar makanikai wurin Jibrin, mai gyaran wutar taraktoci. Tare muka yi yankan riɗi da shi a Simsim muna samari, shi ƙirjinsa ya ɗauka, har ya hau tarakta, daga baya ya koma gyaranta. Na same shi rabin jikinsa a cikin inji.

Ya ce, "A'a, Isiyaku! Me ya fito da kai cikin ranar nan? Ko kwamfuta ta fara shan man gas ne?"

Na ce, "Jan ƙarfe nake nema, na gaske, mai kaurin tsinken ashana ko ya ɗara."

Na ba shi labari a taƙaice. Ya goge hannu ya shiga cikin rumfarsa, ya jawo wani ƙaton damin waya da ya ciro daga tsohuwar motar girbi, duk ta yi baƙi da maiƙo. Ya yanko mini guntu, na gwada, ta yi ja ta tsaya. Ya auno mini abin da zai ishe ni har da ƙari, ya haɗa mini da filayarsa ta matse bakin waya, da ƙwayayen fitilar tarakta guda uku don gwaji. Ya ce, "Filayar nan ka dawo mini da ita kafin ruwan farko. Kuma idan abin ya tashi ina son in gani, don ban taɓa ganin wayata a wani wuri da ba ya hayaƙi ba."

Washegari muka zauna da Siddik. Na wanke wayar da fetur, na yanka ta daidai tsawo. Robar kai biyu da ƙarafunan ciki daga matattun bawar na samo su, na zaɓi masu nauyi, waɗanda aka ƙera da gaskiya. Kowane ƙarfe sai na buɗe fikafikansa da bakin allura, na cire tsohuwar waya, na sa sabuwa, na matse da filayar Jibrin, na ɗiga masa dalma kaɗan. Wasu sukan karye a wurin buɗewa, sai a sake neman wani. Siddik ne yake riƙe mini, don hannunsa ba ya rawa kamar nawa yanzu. Idan na gama layi in auna, in miƙa masa afomita shi ma ya auna, ya gyaɗa kai, mu wuce.

Ban kai wayar kusa da katin ba sai da ta yi dako. Na jona mata ƙwayayen taraktan nan uku, na tayar da bawar. Shagon ya yi fari fat da rana tsaka, har Hajja Sakina mai shayi ta leƙo daga ƙarƙashin bishiyarta tana tambaya ko walda muka fara. Muka bar su suna ci, muka sha shayi. Na kama wayar, ɗumi kawai. Siddik kuwa ya bi bakin robar da kan yatsunsa, ido bayan ido, sai ya tsaya a ɗaya ya taɓo ni. Na sa nawa yatsan, da ƙyar na ji bambancin, amma akwai shi. Ƙarfen wannan idon bai kama da kyau ba. Muka kashe, na zare shi na sake wani, muka maimaita gwajin daga farko. Wannan karon duk suka yi daidai.

Muna shirin haɗa kwamfutar wuta ta ɗauke. Ina da faifan sola da batir, amma na caji da fitila ne, ba zai ɗauki wannan kati ba, kuma ban yarda in fara tayar da shi a kan janaretan maƙwabci da ke hawa yana sauka ba. Sai jira. Kowace safiya su biyun suna zuwa. Amna takan zauna a benci tana duba kwanan wata a wayarta. Siddik ya haɗa komai ya gama, ya ɗaure wayoyin nesa da fanka, ya sake duba maƙallai, ya zauna ya tasa akwatin a gaba.

Shi ya riga mu sanin wuta ta dawo. Bayan azahar ne, muna zaune, sai ya miƙe zumbur yana nuna sama. Fankar silin ta fara motsi. Sai a lokacin muka ji Hajja Sakina tana guɗa a waje. Na bari wutar ta zauna tukuna, na auna ta, na haɗa ta cikin na'urar daidaita wuta. Na nuna wa Siddik maɓallin. Ya girgiza kai ya nuna ni. Na ce masa yana kallon bakina, "Katinka ne." Ya ɗora tafin hannunsa na hagu a kan akwatin, ya yi bismillah da leɓɓansa, ya danna da na dama.

Ni na ji 'yar ƙarar da borda ke yi idan komai lafiya. Shi bai ji ta ba, amma fankokin katin suna juyawa ya ji su a tafinsa, na ga kafaɗunsa sun sauka tun kafin hoto ya fito a allo. Ya buɗe aikinsa ya sa katin ya fara haɗa hoton wani falo. Fankokin suka ɗaga murya. Na tsaya da yatsana a kan wayoyin biyu har hoton ya kammala, da kujeru da fitila da hasken rana yana shigowa ta taga. Amna ta matso ta kalli allon. Sannan ta ce, "Alhamdu lillahi," ta fita ta ce wa Hajja Sakina ta kawo wa duk wanda ke layin shagunan shayi.

A kusurwar shagona Siddik ya ƙarasa aikin, don a makaranta babu inda zai jona. Duk lokacin da wuta ta zo yana nan, idan ta ɗauke ya taya ni kwance fankoki. Ya kai aikin wani shagon da ke da intanet ya aika kafin wata ya ƙare, ofishin ya karɓa, ya aiko masa da wani. Ba a daɗe ba suka sami ɗaki a cikin unguwa, mai rufin kwano da ba ya yoyo, suka ɗauke mahaifiyarsu daga ajin.

Jibrin ya zo ne da kansa karɓar filayarsa, ranar da hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Taraktocin da ya gyara suna shirin fita Simsim, shi ma zai bi su. Siddik yana nan yana aiki, washegari ne zai kwashe kwamfutar zuwa sabon ɗakinsu. Jibrin ya tsaya a bayansa da kayan maiƙonsa yana kallon wani gida mai bene a allo, yana juyawa, da itatuwa a ƙofarsa.

Ya ce, "To ni ina wayata a cikin wannan?"

Na taɓa Siddik na nuna masa Jibrin, na nuna wayar. Ya miƙe ya gaishe shi da hannu biyu. Sannan ya zame murfin gefe, ya kamo hannun Jibrin ya ɗora yatsunsa a kan wayar, katin yana tsakiyar aiki. Jibrin ya riƙe ta yadda yake riƙe wayar inji, ya murza ta tsakanin yatsu, ya karkata kai kamar mai saurare.

Ya ce, "Ba ta yi zafi ba. Wannan wayar ta yi shekaru tana girbin dawa, ka gaya masa kada ya ji tsoron ba ta aiki."

Na juya zan gaya masa, sai na ga yana dariya. Ya riga ya karanta a bakin Jibrin. Jibrin ya sa filayarsa a aljihu, ya leƙa sama, ya ce bari ya yi sauri kafin hanya ta zama laka.